"Ba mai karantawa a nan": abin da na kwaso daga aikin jarida a Marwa

Makon jiya na miƙa katin aiki da kyamarar ofis, na yi sallama da abokan aiki. Kusan shekara goma ke nan ina wakiltar jaridarmu a Marwa, a jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru. Wasu ƙannena a wannan sana'a sun ce in rubuta musu abin da na koya. Na zauna da niyyar jero abubuwa da yawa, sai na tarar abu ɗaya ya danne sauran, don haka da shi zan fara, kuma a kansa zan daɗe.

Waɗanda suka san ni sun san ba don ƙwarewa a Faransanci aka ɗauke ni ba. An ɗauke ni ne a ƙarshen 2014 saboda ina jin Hausa da Fulatanci da ɗan Barbarci, a lokacin da mutanen Bama da Banki da Gwoza, da rikicin Boko Haram ya koro daga Najeriya, ke ta kwararowa sansanin 'yan gudun hijira na Minawao, wanda aka buɗe a Yulin 2013. Jaridun Yawunde da Duwala suna bukatar wanda zai zauna a tabarma ɗaya da waɗannan bayin Allah su saki jiki da shi.

Sai a tuna yadda garin yake a lokacin. A Disambar 2014 aka kafa dokar yaƙi da ta'addanci. A Yulin 2015 bama-bamai suka tashi a cikin Marwa, a babbar kasuwa da Barmare, bayan kwana uku kuma a Pont-Vert, kuma 'yan mata ƙanana aka ɗaura wa su. A ƙarshen wannan watan aka kama Ahmed Abba, wakilin sashen Hausa na RFI, bai fito ba sai Disambar 2017. Daga nan kowane ɗan jarida ya shiga taitayinsa. Labarin sojoji ya zama wuta. Labarin mayar da 'yan Najeriya gida da ƙarfi, wanda Human Rights Watch ta ce a rahotonta na Satumbar 2017 ya shafi aƙalla mutum 100,000 tun daga 2015, gwamnati kuma ta musanta, shi ma ba kowa ke son taɓa shi ba. Abin da ya rage mana wanda ba ya kai mutum gaban kotun soja shi ne yara. Yaro ba ya kai ƙara, ba shi da lauya, ba ya kiran edita a waya. Ba wanda ya taɓa faɗar haka a ofis, amma kowa ya sani.

A Yunin 2017 babban editanmu ya kira ni. Yana son cikakken shafi don ranar 20 ga wata, ranar 'yan gudun hijira ta duniya. Ya ce, "Ka samo min yarinyar da ta zauna a hannun Boko Haram." Tun sace 'yan matan Chibok 276 a Afrilun 2014, kowane edita yana son tasa yarinyar Chibok ɗin.

Na kwana Mokolo, da safe na hau babur ta Zamai na shiga sansanin. Wani malamin firamare da muka saba ya ce zai haɗa ni da ɗalibarsa. Dalilinsa daban ne da nawa: ita ce ta fi kowa lissafi a ajin, yana son a rubuta cewa irin waɗannan yara a ƙasa suke zama, babu benci. Na leƙa ajin na ƙirga kawuna, sun haura ɗari.

Ba zan faɗi sunanta ba, sau ɗaya da na faɗa ya isa. Shekararta 14, tana aji uku tare da 'yan shekara takwas. Mun zauna a inuwar tamfol, gwaggonta tana gefe, dukansu biyu suna ɗinkin hula, irin wadda matan Bama suka shahara da ita. Hular tana kife a gwiwarta, zare kore a haƙoranta, ba ta ɗaga kai sai za ta sake zura allura. Mun yi kusan minti arba'in, ina da sautin har yau. A duk tsawon hirar, zamanta a daji bai wuce jimla uku ba: an kwashe su a 2014 da garinsu ya faɗi, an ɗaura mata aure da wani, da aka kashe shi suka gudu cikin dare. Ta faɗa da murya ƙasa-ƙasa, ta wuce. Sauran duk zancen yau ne. Layin famfo yana sa ta makara. Abincin rabo ba ya kai ƙarshen wata. Tana son fitila don ta riƙa bitar karatu bayan isha'i. Ta ji daɗi da ake koyarwa da Turanci a makarantun sansanin, don in an koma gida ba za ta fara daga farko ba. Har ta tambaye ni, "Kawu, wanda ya fara makaranta da girma, ana barinsa ya rubuta jarrabawa?"

Hular ta burge ni, na ce a ɗinka min irinta, na ba gwaggon sefa dubu biyar kafin alƙalami. Sannan na fito da kyamara. Gwaggon ta ajiye allura ta ce, "Malam, wannan hoton ina za shi?"

Na ce, "Inna, jaridar Faransanci ce, can Yawunde ake sayar da ita. Ba mai karantawa a nan."

Ta ce, "To, amana ce."

Ba da niyyar yaudara na faɗa ba, amma ban tsaya na auna maganar ba, saboda ina son hoton kuma rana ta fara yi. Na rubuta labarin da sunanta da sunan ƙauyensu, na fara da ajin da ba benci, batun auren na sa shi a sakin layi na shida. Na aika, na kwanta da jin na yi aikin kirki.

Ranar da jaridar ta fito, fuskarta ta cinye rabin shafin farko. Kanun da aka sa, in an mayar da shi Hausa, cewa yake: "Ina shekara 11 na zama matar ɗan Boko Haram." Benci da fitila da lissafi duk an yanke su don a sami wuri. A gefen hoton kuma aka yi ɗan akwati aka zuba alƙaluman UNICEF na Afrilun 2016: yaran da aka yi amfani da su wajen tayar da bam a yankin Tafkin Chadi sun tashi daga 4 a 2014 zuwa 44 a 2015, kashi uku cikin huɗu 'yan mata ne, 21 daga cikin hare-haren a Kamaru. Babu ƙarya a alƙaluman. Amma wanda ya ga waɗannan lambobi a jikin fuskar yarinya, ya riga ya gama karanta abin da ba a rubuta ba.

Na manta, ko kuma na ƙi tunawa, cewa kowace safiya ana ɗora shafin farko a Facebook. Daga can ya shiga WhatsApp. Kwana uku ya isa rumfar mai cajin waya a kasuwar sansanin. Fuska ba ta bukatar tafinta, kalmar Boko Haram kuma ɗaya ce a kowane yare.

Malamin ne ya kira ni. Ya ce yara sun fara kiranta annoba, sunan da ake jifan waɗanda suka dawo daga daji da shi. A famfo an ture jarkarta daga layi. Iyaye biyu sun zo sun ce ba su yarda 'ya'yansu su zauna kusa da ita ba. Jami'an tsaro sun kira gwaggon sun yi mata tambayoyi na yini guda. Shekara guda gwaggon tana rufa wannan asiri, ta ce wa maƙwabta yarinyar a wurin dangi ta zauna. Ni na tone shi cikin minti arba'in. Yarinyar ta daina zuwa makaranta.

Na koma da kuɗin aljihuna. Gwaggon ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi min sauƙi. Ta shimfiɗa min tabarma, ta kawo ruwa, ta bari na sha, sannan ta ce, "Malam, ai ka ce ba mai karantawa." Yarinyar tana cikin tanti, ina jin motsinta, ba ta fito ba.

Da na kira maigidan namu na roƙi a sauke hoton, abin da ya fara tambaya shi ne, "Sun yarda ko ba su yarda ba?" Na ce sun yarda da abin da na gaya musu, ba da abin da muka yi ba. Ya ce wannan falsafa ce, shi jarida yake sayarwa, kuma fitowar ta ƙare a kasuwa kafin azahar. Kwana goma sha ɗaya ina bin sa kafin a cire shi daga shafinmu, lokacin ya riga ya zaga duniya. Da wata ƙungiyar agaji ta rubuto takardar ƙorafi, amsar da ya sa wa hannu cewa ta yi kuskuren daga wakilinmu na Marwa ne, wanda bai bi ƙa'ida ba. Aka yanke min albashin rabin wata. Laifina na ɗauka, ni na bayar da suna, ni na ɗauki hoton, ni na yi alkawarin. Amma ba ni na rubuta kanun ba, ba ni na ɗora akwatin bam a gefen kunnenta ba. Mutumin da ya yi hakan an ƙara masa girma bayan shekara biyu, kuma har na bar aikin ƙafarsa ba ta taɓa taka ƙurar Minawao ba. Na yafe abubuwa da yawa a wannan ofis, wannan yana nan.

Bayan haka ne idona ya buɗe ga abin da muke yi gaba ɗaya, mu da manyan jaridun Turai da nake yi wa tafinta wani lokaci. Yara iri biyu kawai muke nema a sansani: wanda za a tausaya wa da wanda za a ji tsoro. Na farko sai an same shi da ƙuda a ido da kwano a hannu. Na taɓa ganin mai ɗaukar hoto ya ce wa yaro ya cire silifas ɗinsa. Na biyu kuwa duk wata yarinya mai hijabi da ta fito daga daji. In an yi sa'a akwai na uku, wanda ƙungiya ke wankewa ta sa wa riga mai tambarinta ranar da manyan baƙi za su zo. Yaron da ya tashi da asuba ya ɗebo ruwa, ya yi faɗa da ƙaninsa, ya ci ƙwallo a fili da yamma, ba shi da shafi. Shi ne kuwa mafi yawa.

Matsalolinsu na gaske ba su da fuskar da za a ɗauka. Takardar haihuwa, wadda rashinta ke tsayar da yaro ranar rajistar jarrabawa. Itacen girki, da ya sa 'yan mata yin nisa cikin gonakin mutanen gari har rigima ta riƙa tashi, kafin a fara dashen bishiyoyi da yin gawayin da ake murzawa daga tarkacen amfanin gona. Sai yaran Kolofata da Amchide da ke zaune a Mora da Zamai, 'yan Kamaru ne, tashin hankali ɗaya ya kore su, amma da yake ba su ƙetare iyaka ba, ba su cika shiga jarida ba. Na rubuta labarinsu sau da yawa, sau biyu aka buga.

Kamaru ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 tun 1993, kuma sashe na 16 ya hana keta sirrin yaro da zubar masa da mutunci. Ba a taɓa karanta mana shi a ofis ba. Ni na nemo shi na manna a bangon teburina.

Sauran darussan gajeru ne. Tun daga ranar ban sake aika sunan yaro ko fuskarsa ba. Da mutanen Rann kusan 35,000 suka tsallako Goura a farkon 2019, da kuma lokacin rikicin Logone-Birni a Disambar 2021 da mata da yara suka haye kogi zuwa Chadi, hannaye da bayan kai da tulin takalma a bakin kwalekwale kawai na aika. An yi ta min mita, amma an buga, kuma ba wanda aka tura daga layin famfo saboda ni. Kafin ka kunna rakoda, ka buɗe wayarka ka nuna wa uwar yaro yadda shafin farko yake yawo. Abin da ba ka son a yi kanu da shi, kada ka rubuta shi ko a sakin layi na ashirin. Ka ajiye kwafin duk abin da ka aika, da kwanan wata. Kuma kai da kake jin yaren mutane, ka sani da kai aka yi magana, ba da jaridarka ba.

A Maris ɗin 2021, bayan gwamna Zulum na Borno ya zo Marwa an daidaita kan mayar da 'yan gudun hijira gida, motoci suka fara kwasar mutane daga Minawao zuwa Banki da Bama. Gwaggon da yarinyar suna cikin waɗanda suka rubuta suna. Bayan mako biyu malamin nan ya shigo Marwa, ya same ni a ofis, ya miƙo min ƙullin baƙar leda. Na kwance, sai ga takardar sefa dubu biyar, an naɗe ta ƙanana. Ya ce gwaggon ta ce a gaya min ba a ɗinka hular ba, kuma ba ta son ta ƙetare iyaka da haƙƙin wani a wuyanta. Tana cikin kayan da na kwaso daga aljihun tebur makon jiya, a cikin ledarta.