Na'urar riƙe gudu ta ƙi kamawa

Yawancin motocin Amurka da ake shigo mana da su ta Kwatano suna da na'urar riƙe gudu, wadda muke kira kurus. Ka kai gudun da kake so, ka danna maɓalli a sitiyari, ka ɗauke ƙafa daga totur. Mai yawo a cikin gari bai damu da ita ba. Wanda ke bin hanyar Kano zuwa Kaduna duk mako kuwa, gwiwarsa ce ke gaya masa ranar da ta lalace.

Wani Alhaji ya kawo garejina Honda Accord ta 2003, wadda ake wa laƙabi da EOD. Fitilar kurus tana kamawa, amma ya danna ya danna, mota ta ƙi riƙe gudu. An riga an ce masa ya je kasuwar Ƙofar Ruwa ya sayo sabuwar ƙwaƙwalwa, wato kwamfutar mota.

Na ce, "Alhaji, ajiye kuɗinka tukuna."

Fis lafiya lau. Oda tana yi, fitilar jakar iska ba ta kama ba, don haka ban zargi wayar nan da ke naɗe a cikin sitiyari ba. Allurar mita ma tana tashi daidai. Saura birki, kuma can na fi zato, domin an ƙera kurus ne ta saki da zarar an taɓa birki.

Na kwanta rigingine a ƙarƙashin sitiyari da tocila. Ga ɓurɓushin roba a kan tabarmar ƙafa. Wata 'yar roba ce da ba ta fi maɓallin riga ba, ita ke danne makunnin birki idan an ɗaga ƙafa. Tsufa da zafi sun farfasa ta, sai mota ta ɗauka kullum ana taka birki.

In haka ne, ai ya kamata fitilun birki na baya su riƙa ci kullum, to me ya sa ba sa ci? Na buɗe but, babu ƙwai ko ɗaya. Ashe da suka ƙi mutuwa suna shanye batir, wani mai gyara ya zare su kawai. Wata biyu bawan Allah yana tafiyar dare da iyalinsa, tirela a bayansa, ba fitilar birki. Wannan ya fi ɓata mini rai.

Muka sa sabuwar roba da ƙwayaye, muka hau hanyar Zariya, tunda kurus ba ta kamawa ƙasa da kilomita 40 a awa. A 80 na ce ya danna. Ya ɗaga ƙafa a hankali yana kallon allura, ita kuwa ko motsi.