Talata: Kawu ya ga rigar roba a kan igiya

Hazo ya sauko tun kafin asuba. Da muka fito masallaci ko ƙarshen layinmu ba a hangowa. Kunu da ƙosai, sai rigimar Auta, wai safarta ɗaya ta ɓace. Cikin takalmin yayanta aka same ta.

Tafiyar Jos ta tabbata. 'Yan tattakinmu na Asabar sun gaji da zagayen Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Soro, sun ce wannan karon sai duwatsun Shere. Shugaban 'yan tattakin ya aiko da saƙo tun daren jiya, har da manyan baƙaƙe: kada kowa ya kuskura ya sa singiletin auduga a ciki. Shi ya sa da na samu sarari wajen ƙarfe goma sha ɗaya na faɗa babbar kasuwa, layin 'yan gwanjo.

Na yi sa'a mutumina ya kwance sabuwar dila. Ya san halina, sai ya turo mini kujera ya bar ni da tulin kaya. Ni ba launi nake dubawa ba. Juya riga nake yi in nemo 'yar takardar nan da ke ɗinke a gefen ciki, in ga da me aka saƙa ta. In na ga auduga ce, ko an gauraya ta da auduga mai yawa, sai in ajiye. Daga nan in ɗiga mata ruwa kaɗan daga ledar da ke hannuna. Mai kyau nan take ɗigon zai bazu ya yi faɗi, wadda ba ta da kirki kuwa sai ya tsaya dunƙule a kanta yana ƙyalli. Sai ɗinki: in ya yi tudu, ko ya bi ta saman kafaɗa daidai inda hannun jakar baya ke zama, kafin a kai rabin dutse ya saɓule maka fata. Tsawo ma ina dubawa, don ba na son rigar da in na yi ruku'u bayana zai fito. Na ɗauki na polyester, wato zaren roba, guda biyu marasa nauyi. Har zan tashi sai hannuna ya taɓo wata toka-toka mai dogon hannu, laushi kamar ba ulu ba, takardar ta ce merino. Da 'yar huda a hammata. Hudar ce ta taimake ni wajen ciniki.

Maman yara ta wanke su tare da sauran kaya ta shanya.

Kawu ya iso daga Malumfashi bayan azahar, gobe yana da ganin likitan ido. An shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida inda rana ke taɓawa, an kawo fura. Bai gama gaisawa da yara ba idonsa ya kai kan igiya. Mutumin da aka ce ba ya gani sosai.

"Waccan kau ta wa ce? Ƙwallo ka koma da girmanka?"

Na ce, "A'a Kawu, ta hawan dutse ce. A ciki ake sa ta, a ɗora wata a sama."

"Singiletin taka mi ta yi maka?"

Sai na gyara zama na fara bayani, ina jin kaina malami. Na ce masa zaren auduga shan ruwa yake yi ya riƙe a cikinsa. Ko a rataye take ba a jiƙa ta ba, tana ɗauke da damshin da ya kai kusan kashi 8 cikin 100 na nauyinta, na roba kuwa ko kashi 1 bai kai ba. Saboda haka gumi ba ya samun wurin zama a rigar roba, bin saƙar yake yi ya fito waje iska ta ɗauke. Matsalar ba lokacin hawa take ba, lokacin da aka tsaya ne. Ka hau kana haki, ka jiƙe sharkaf, ka kai sama ka zauna, iska ta buso. Jiƙaƙƙiyar riga a manne da fata kwashe ɗumin jiki take yi, don ruwa ya fi iska saurin jan zafi fiye da sau 20. Ga shi Katsina tudunta bai wuce mita 500 da 'yan kai ba, ƙololuwar Shere kuwa ta haura mita 1,800, kuma duk mita 1,000 da mutum ya hau zafi na raguwa da kamar digiri 6. A hunturu kuma. Har na tashi na ciro masa su ya taɓa: ta robar ta bushe ƙarau, singiletina da aka shanya tare da ita har yanzu da lema a wuya da gindin hannu.

Ya murza ta tsakanin yatsunsa, ya kai hanci ya shinshina, ya miƙo mini.

"To ta bushe. Sai mi?"

Ya ce shi tun ina goye yake noma da 'yar shara ta auduga, kuma bai taɓa roƙon Allah ta bushe da wuri ba. In rana ta take a gona, gumin da ke jikin rigar shi ne sanyinka. "Ba ka ga tulu ba? Don yana tsattsafo ruwan cikinsa ke sanyi. Ka zuba a jarka ka gani." Ya ce rigar da ba ta riƙe gumi, a watan bazara, mi za ta sanyaya maka da shi.

Ban da amsa, don gaskiya ya faɗa. A busasshen zafi irin namu na Afrilu, sakakkiyar riga ta auduga ta fi komai, shi ya sa har gobe ba mu rabu da ita ba. Dokar Shugaba ta wurin sanyi da iska ce, inda ake gumi sannan a tsaya. Na ce masa haka, ya ce to ai sai ka faɗa tun farko, ba ka zo kana ɓata sunan kaɗa ba.

Bai bar ni a nan ba. Ya ce in na je can sanyi ya kama ni, kada in matsa jin ɗumi da wannan abar. Wannan ma haka ne, roba narkewa take yi ta manne wa fata, ko tartsatsi ɗaya ya faɗa mata sai huda. Maman yara daga kicin ta ƙara da nata, wai jesin yayan Auta in ya yi wasa da ita yini guda ba a shiga ɗakin don tsami. Nan ne na ciro ta ulun don in ɗan farfaɗo. Na ce wannan gashin tunkiya ne, irin da aka fi kiwo a Ostareliya, siririn gashi ƙwarai shi ya sa ba ya ƙaiƙayi irin na tsohon bargo. Tana iya shan damshi har kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinta ba ka ji ta jiƙe ba, ba ta saurin wari, wuta kuma ba ta narka ta. Aibinta ba ta kai roba saurin bushewa ba, ga saurin hujewa, ga tsada in sabuwa ce. Wannan ya ɗan yarda da ita, tunda daga jikin dabba ta fito.

Sai ya sake nuna ta robar da baki. "Ita wannan da mi ake yin ta?"

Na ce daga ɗanyen man fetur ake samo sinadarin.

Ya yi shiru yana juya ludayi cikin furar. Can ya ce, "Kaɗa tana nan babu mai saye, ku kuna sayen fetur kuna sa wa jiki. Kwancen wasu ma."

Ba da faɗa ya faɗe ta ba, har da 'yar dariya. Amma tun ɗazu ita ke cina. Na tashi na ga buhunan auduga jibge a zauren gidansu, mu yara muna tsalle a kai ana korarmu. Da kuɗin kaɗa ya yi aure, da shi ya biya wa Inna kujerar Makka, da shi aka kai ni makarantar kwana. Yankin Funtua da Malumfashi da Bakori ai da ita aka san su. Irin daga cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya yake zuwa, a gurza a nan, a kai masaƙun Kaduna da Kano. Kaduna tun 1957 take da babbar masaƙa, yau yawancinsu a rufe. Gonar da Kawu ke sa kaɗa yanzu masara ce da waken suya. Ni kuma ɗan 'yar'uwarsa na zauna gabansa da lissafin kashi cikin ɗari ina nuna masa inda auduga ta gaza. Lissafin daidai ne. Rigar ma ita zan sa ranar hawan, ba zan je in kwaso mura don kara ba. Duk da haka da na san zai iso da wuri da a ɗaki aka shanya su.

La'asar. Na raka shi ya gaida abokinsa a Ƙofar Sauri, hanya duk ƙura, mai Keke Napep ya ƙi ragi.

Da dare na gwada su. Ta robar ta kama jiki yadda ake so, don in ta yi yawa ba ta taɓa fata balle ta kwashi gumi, amma ba abin fita da ita haka ba ne a garin nan. Auta ta gan ni ta fashe da dariya. Zan ɗora sakakkiyar riga a sama, suwaita a jaka, in sa ta da zarar mun tsaya, kafin jiki ya huce.

Na roƙi Maman yara ta ɗinke hudar ta ulun, kuma kada a wanke ta da ruwan zafi ko a murɗe ta, tsukewa za ta yi. Ta robar kada dutsen guga ya je kusa da ita. Ta ce in rubuta mata a takarda tunda rigunan sun zama jarirai.

Saura safa, ita ma Shugaba ya ce ban da ta auduga, tana jawo bororo a ƙafa. Wannan sai jibi, bayan na kai Kawu tasha.