Kafin ku ce a ba ku antibayotik, ku ƙirga numfashi

Da hunturu ya kama asibitinmu cika yake da masu tari, tun safe har bayan isha'i, manya da yara, kuma kusan kowa maganarsa ɗaya ce, a ba ni antibayotik ko a yi min allura in tafi. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ƙaramin asibiti, irin wanda kana zuwa a duba ka nan take ka koma gida ko a tura ka babban asibiti, kuma cutuka biyu da na fi ganin mutane na haɗa su wuri ɗaya su ne burankaitis da nimoniya, alhali ɗaya da kanta take wucewa, ɗayar kuma kisa take yi.

Burankaitis kumburi ne a bututun da iska ke bi ta shiga huhu. Da mura yake farawa yawanci, hanci na yoyo, maƙogwaro na ƙaiƙayi, sai tari ya biyo baya da kaki, wani ma ƙirjinsa har fito yake da daddare. Kusan kashi 90 cikin 100 bairas ne ke kawo shi, kuma antibayotik ba ya yi wa bairas komai. Abin da ke tayar wa mutane hankali shi ne tarin yana daɗewa, yana iya kai sati uku, sai mutum ya je kemis ya sayo kafso ya sha, ya canza wani, ya sake canzawa, ranar da tarin ya tafi don kansa ya ce ai na ƙarshen ne ya yi aiki. Wallahi abin na damuna, don haka ƙwayoyin cuta ke sabawa da magani, ranar da ake buƙatarsa da gaske ya ƙi ci. Kuma kaki ya zama kore ko ruwan ɗorawa ba hujja ba ce ta cewa sai an sha antibayotik, bairas ma na kawo hakan.

Abin da muke cewa shi ne a huta, a yawaita shan ruwa mai ɗumi, farasitamol in akwai zazzaɓi ko ciwon jiki, a nisanci hayaƙin taba da na itace da ƙura. Zuma na sassauta tari, amma dan Allah ban da jaririn da bai cika shekara ɗaya ba. Maganin tari mai kodin kuwa tun 2018 gwamnatin Najeriya ta hana shi, kar wani ya ba ku a ɓoye.

Ita nimoniya can cikin huhu take, ƙananan jakunkunan da iska ke shiga jini ta cikinsu su ne ke cika da ruwa da mugunya, shi ya sa mutum ke haki. Zazzaɓi mai zafi, rawar ɗari, ciwo a haƙarƙari kamar ana soka maka abu in ka ja numfashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 kaɗai ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da 740,000, kuma yawancinsu da an kai su da wuri da maganin da zai cece su ba mai tsada ba ne.

To iyaye ga abin da nake so ku riƙe, ba ya buƙatar kuɗi ko na'ura. In yaro na tari, ku bari ya natsu, ba lokacin da yake kuka ba, ku ɗaga masa riga ku kalli cikinsa, ku ƙirga numfashinsa minti ɗaya cikakke da agogon waya. Jaririn da bai kai wata biyu ba in ya kai 60, na wata biyu zuwa goma sha ɗaya in ya kai 50, na shekara ɗaya zuwa biyar in ya kai 40, ku ɗauko shi a ranar. In kuma ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki duk sanda ya ja iska, ko ya ƙi nono, ko yana amayar da komai, ko jijjiga, ko barcin da ba a iya tashinsa, to ko tsakar dare ne a fito, ba maganar a shafa man zafi a jira gari ya waye. Tsofaffi kuma nasu da ban yake zuwa, wani ko zazzaɓi ba ya yi, kawai sai ka ga Baba ya rikice yana magana ba kan gado ko ya daina cin abinci.

In kun zo za mu auna zafin jiki da bugun zuciya, mu maƙala ɗan abin nan a yatsa mu ga yawan iskar oksijin a jini, likita ya saurari ƙirji, mai zazzaɓi a yi masa gwajin maleriya don ita ma tana sa numfashi ya yi sauri. Babba in zafinsa ya haura 38, zuciya na bugawa sama da 100 a minti ɗaya, numfashi sama da 24, ko aka ji ƙarar ruwa a huhu, sai a tura shi hoton ƙirji. Nimoniyar da ba ta yi tsanani ba a gida ake jinyarta, yawanci da antibayotik ɗin da ake kira amoksisilin, na yara akwai mai narkewa a ruwa, a shanye duka yadda aka rubuta ko da an ji sauƙi, in kwana biyu zuwa uku babu canji a dawo. Wanda oksijin ɗinsa ya yi ƙasa da kashi 90 kwanciya ce ta kama shi, tura shi muke yi inda za a sa masa iska.

Sannan tarin da ya kai sati biyu, musamman da zufar dare ko rama ko jini a kaki, a je a yi gwajin tarin fuka, kyauta ake yi a asibitocin gwamnati. Kuma ku duba katin rigakafin yaranku, allurar PCV ta nimoniya ana yin ta a sati 6 da 10 da 14, in an tsallake ɗaya ku kai shi a cike masa.