Na mayar da modem gada, sai na ci karo da adireshin 100.64

Abin da ya sa na mayar da modem ɗin gidana kan tsarin gada, wato Bridge, shi ne ina son in riƙa duba kyamarorin tsaro idan ba na gida, alhali duk ƙofar shiga daga waje (port) da na buɗe a rauta, wato na'urar da ke raba intanet a cikin gida, ba ta aiki, saboda modem na yin nasa NAT, wato ɓoye na'urorin gida a bayan adireshi guda, rautar ma na yin nata. Da zarar an zaɓi Bridge, modem ya daina raba adireshi, aikinsa kawai ya miƙa layin ga ƙofar WAN ta rauta, wato inda layin intanet ke shiga.

Wannan ɓangaren bai ba ni wahala ba. Tun kafin in taɓa komai na karɓi suna da kalmar sirrin PPPoE, wato tsarin da ake haɗuwa da layin ta hanyarsa, daga kamfanin intanet, domin a cikin modem suke ɓoye, kuma idan babu su rauta ba za ta haɗu da layin ba. Na bar MTU, wato iyakar girman kowane ƙunshin bayanai, a kan bayit 1492, tun da PPPoE na cin bayit 8 daga cikin 1500.

Intanet ta dawo lafiya lau, amma kyamarorin suka ƙi buɗuwa daga waje. Na sake saita ƙofofin, na sauya kebul, na sa tsinke na danna maɓallin da ke mayar da rauta yadda ta fito daga kamfani, na faro aiki daga tushe, duk a banza. Sai can na lura adireshin WAN da rautar ta samu ya fara da 100.64, kuma ya sha bamban da wanda shafukan duba adireshi ke nuna mini. Tun 2012 aka keɓe adireshi daga 100.64 zuwa 100.127 domin CGNAT, dabarar da kamfanoni ke amfani da ita su tara kwastomomi da yawa a bayan adireshi guda saboda ƙarancin adireshin IPv4, wato tsohon tsarin adireshin intanet. Ashe akwai wani NAT ɗin a can wurin kamfani, wanda babu saitin da zan yi a gida ya kawar da shi.

Abin da har yanzu yake ci mini rai shi ne, na faɗa wa ma'aikacin da ya ba ni kalmar sirrin dalilina ƙarara, amma bai ce uffan a kan CGNAT ba, alhali magana ɗaya daga bakinsa ta isa ta hutar da ni.

Saboda haka duk mai niyyar yin wannan aiki domin buɗe ƙofofi, ya fara shiga shafin modem ya kwatanta adireshin WAN da wanda duniya ke gani. Idan sun bambanta, gada kaɗai ba za ta biya masa buƙata ba, sai ya nemi kamfanin ya ba shi adireshi nasa na kansa, ko ya tambaya ko layinsa na da IPv6, wato sabon tsarin adireshi. Ni dai ranar da suka ba ni nawa adireshin, a ranar kyamarorin suka buɗe, ban sauya ko saiti ɗaya a rautar ba.