Tazara biyu bayan aya

Jiya wani dattijo ya zo shagonmu nan kusa da babbar kasuwar Maradi in buga mishi takardar gado, tsohon sakatare ne tun zamanin keken rubutu. Ya zauna gefena yana kallon yatsuna, can sai ya ce "ɗiyata, mi ya sa kike barin tazara ɗaya bayan aya? mu biyu aka koya muna." Na ce Baba ai yanzu ɗaya ake yi.

Wallahi maganar ta tsaya mini a rai har dare. A keken rubutu kowane harafi faɗinshi ɗaya ne, i da m duk wuri guda suke ci, shi ya sa suke ƙara tazara don ido ya gane inda jimla ta ƙare, amma kwamfuta tana ba kowane harafi gwargwadon jikinshi, har Word ma, manhajar buga rubutu a kwamfuta, tun 2020 yake ja ma tazara biyu layi a matsayin kuskure.

Mu kuma nan Nijar muna da tamu, a lakwal an saba mana da ƙa'idar Faransanci, a bar tazara kafin alamar tambaya da ta motsin rai, 'yan uwanmu na Katsina kuwa manne ta suke yi kamar Ingilishi. Ni in Hausa nake bugawa manne ta nake, ta fi kyau a idona.

Takardar Baba dai na sa mishi biyunshi, ya karanta har ƙarshe yana gyaɗa kai.