Taragon da bai yi ƙara ba

Yau na ga wasu samari suna kutsawa ta ƙarƙashin taragai don su tsallaka layin dogo, sai na tuna wani dare na hunturu a lokacin da nake sabon ma'aikaci a filin da muke haɗa taragai da raba su.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, taragon da aka cire daga kan jirgi yana iya gangarowa shi kaɗai ba tare da ƙarar da kunne zai kama ba, musamman idan iska tana kaɗawa. A daren nan na shiga tsakanin taragai biyu zan haɗa bututun birki, ban jira direba ya tabbatar mini cewa ya tsaya cak ba, domin ina ganin aikin minti ɗaya ne. Dattijon da ke koya mini aiki ya fizgo ni ta baya, kuma kafin in buɗe baki ƙarafan haɗin suka gwabzu a daidai inda ƙirjina yake.

Bai yi mini tsawa ba. Cewa ya yi, "Yaro, tsakanin layukan nan faɗin mita ɗaya da 'yan kai ne, ina za ka kauce?" Daga nan ya sa na ɗaure birkin hannu, na sa katako a gindin ƙafafun taragon, na ɗaga fitila har direba ya amsa, sannan ya bar ni na sake shiga. Allah ya jiƙan Baba, har na bar aikin ban taɓa tsallake ɗaya daga cikin ukun nan ba.