Baƙin allon kwamfutar Kawu

Asabar, unguwar Nima, Accra.

Ban gama shan kokona ba sai ga Kawu ya yi sallama, da jakar leda a hammata. Daga Adjen Kotoku ya taso tun bayan asuba, kuma duk wanda ya san nisan wurin, can gaba da Amasaman, ya san ba gaisuwa kaɗai ta kawo shi ba. Tun da aka tashi 'yan albasa daga Agbogbloshie a 2021 aka mayar da su can, sai mu yi wata da watanni ba mu sa shi a ido ba. Ya gaisa da Inna a tsaitsaye, ya dire ledar a gabana, ya ce, "Ɗana, duba mini wannan. Sun ce ta mutu."

Laftof ɗinsa ce, wadda na sani tun ina ƙaramin yaro. Baƙa, mai kauri, allonta inci 14, irin kayan hannun nan da ke sauka a tashar Tema. Ƙirar 2008 ce. Takardar da ke manne a ƙasanta ta Windows Vista ce, daga baya wani ya ɗora mata Windows 7. Kawu ba ya shiga intanet da ita, ba ya kallon fim. Aikinta ɗaya ne, Excel: buhu nawa suka sauka daga Galmi, wa ya ɗauka, wa ya biya, wa ya ce a yi masa haƙuri sai kasuwa ta buɗe. Batirinta ya daɗe da mutuwa, lasifikarta ma haka, da caja kawai take rayuwa.

Waɗanda suka ce ta mutu ɗin, ashe wani yaro ne mai gyaran waya a bakin kasuwarsu. Ya danna madanni, ya ga allo baƙi ƙirin, ya ce bodi, babban faifan da kayan cikinta ke manne a kai, ya tafi, ya kuma yi tayin sayenta a matsayin kayan bola. Wannan magana ta "bodi ya tafi" tana ba ni haushi. Ita ce hukunci mafi tsada, kuma ita ce ta fi saurin fitowa daga bakin mutane, domin ba ta buƙatar a kwance ko sukuru ɗaya.

Na shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki, na fara da abin da ba ya cin ko fesuwa. Na zare mataccen batirin, na cire caja, na danne madannin kunnawa kamar rabin minti don ragowar wutar da ke cikin bodi ta fice. Na duba rubutun caja, volt 19, na mayar. 'Yar fitilar gaba ta kama. Fanka ta tashi da ƙararta ta tsofaffi. Allo shiru. Na danna Caps Lock, fitilarsa ta kama. Na sake dannawa, ta mutu. Nan na gyara zama. Kwamfutar da ta kasa tashi tun daga tushe ba ta amsa wannan dannawar. Da a ce ram ne, ɗan faifan ƙwaƙwalwar aikinta, ya goce daga mazauninsa, ko ƙafafunsa suka yi datti, abin da danshin teku da ƙurar hunturu suke yawan jawo mana a Accra, da a binciken farko za ta tsaya, ta yi ta ƙyafta fitila ko ta yi ƙara. Har na ɗauko robar goge fensir ta ƙanwata don goge ƙafafun ram ɗin, sai na mayar mata da abarta.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne fitilar rumbun ajiya ba ta motsi ko kaɗan, alamar Windows bai fara lodi ba. Ina cikin wannan tunani Kawu ya miƙo yatsa ta saman kafaɗata ya danna F1.

"Kawu, me ka yi?"

"Ai kullum sai na danna wannan take wucewa. Shekaru ke nan."

Nan take fitilar rumbun ta fara ƙyaftawa. Ƙaramin batirin da ke riƙe mata agogo ya ƙare tuntuni, don haka duk kunnawa sai ta tsaya ta yi ƙorafin kwanan wata, ta jira a ba ta izini. Kawu bai taɓa karanta saƙon ba, hannunsa ne ya haddace maganin. Yaron kasuwa kuwa ba shi da hanyar sanin haka tunda allon ba ya nuna komai.

Sai na shiga da ita ɗaki, na rufe ƙofa, na saki labule. Na kunna tocilar waya na kara ta dab da allon, a karkace. Da farko fuskata kawai nake gani. Da na ƙara karkatar da hasken sai ga inuwar abubuwa can ciki, dishi-dishi: layin ƙasa, kwandon shara a kusurwa, koren tambarin Excel. Na goga yatsa a kan faifan linzami, 'yar kibiyar ta motsa. Na kira Kawu. Ya ciro tabaransa, ya durƙusa har hularsa na taɓa murfin, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ikon Allah. Tana ciki."

Tana ciki kuwa. Irin wannan allon ba shi da hasken kansa. Shi dai yana zana hoto, wata fitila ce a bayansa take haskawa a gani. Na yanzu LED ne a cikinsu, amma na zamanin wannan, kafin wajen 2010, siririn bututun gilashi ne kwance a gindin allon, kaurinsa kamar milimita 2, ɗan'uwan doguwar fitilar nan ta silin. Hoto yana nan, fitila ce ta ɗauke.

Kafin in taɓa sukudireba na sauka shagon maƙwabcinmu mai buga katin biki na aro monita da wayarta mai shuɗin kai, VGA, mai ƙafa 15. Na jona, na danna maɓallin Windows da P, sai ga komai tar a kan monita. Kawu ya so ya buɗe lissafinsa nan take, na ce ya yi mini haƙuri. Na kwashe fayilolin duka zuwa filas, na kuma tura kwafi cikin wayata. Rumbun da ya shekara goma sha yana juyawa ba a yi masa alkawarin gobe. Agogon kusurwa yana cewa 1 ga Janairun 2008. Sa'ar da aka yi, Kawu da hannu yake rubuta kwanan wata a kowane layi.

Daga nan sai neman dalilin ɗaukewar fitilar. Na ƙara haske da maɓallin Fn, babu. Akwai wani ɗan tsinin roba kusa da hinji wanda murfi ke dannewa idan an rufe, ya kashe fitila. Wani lokaci datti kan riƙe shi a ƙasa. Na taɓa shi, yana shiga yana fita lafiya. Na ɗaga murfin na sauke a hankali ina kallon ko haske zai ɗan yi walƙiya, wanda zai nuna wayar da ta ratsa cikin hinji ce ta tsinke. Ko alama. Na cire caja, na ɓamɓare 'yan robobin da ke rufe sukurorin gaban allon da bakin allura, na zuba sukurorin a marfin gwangwanin madara, na bi firam ɗin da farce yana ɓas-ɓas har ya fita. Ga inbata nan a ƙasan allon, dogon bodi siriri, wayoyi biyu na fita daga gefensa, ɗaya ruwan hoda ɗaya fara, suna shiga cikin fitilar. Aikinsa ya karɓi 'yar wutar caja ya ɗaga ta zuwa ɗaruruwan volt, domin bututun ba ya kamawa da ƙasa da haka. Wanda ya taɓa bakin wayoyin nan tana kunne zai ba da labari.

Tsakanin inbata da fitila, wanne ne? Na tambayi Kawu ko kwanakin baya allon yana yin ja-ja idan an kunna kafin ya washe, domin irin abin da bututun ke yi ke nan idan ya kusa ƙarewa. Ya ce sam. Ranar Laraba da daddare yana cikin aiki wuta ta ɗauke, ta dawo, ta sake ɗaukewa, da safe ya kunna ya ga duhu. Zuciyata ta karkata ga inbata, amma ba ni da mita, ba ni da wani bututun gwaji. Sai Circle, wurin masu gyaran waya da kwamfuta.

Na ce Kawu ya zauna ya huta, ya ce ƙafarsa ƙafar kwamfutarsa. A cikin torotoro, motar haya, ledar na kan cinyarsa ya dafe da hannu biyu, ya gaya mini abin da ya hana shi barci. Labarin mutuwar kwamfutar ya zaga rumfuna tun ranar Alhamis, kuma a jiya wani abokin cinikinsa ya zo har rumfa, da fara'arsa, ya ce yana so su daidaita kan buhu 10 ɗin nan da ya ɗauka kafin azumi. Kawu ya ce shi dai zuciyarsa ba ta kwanta da goman ba.

Mun sauka ƙarƙashin gadar sama, muka kutsa Tip Toe Lane. Ranar Asabar wurin ba masaka tsinke. Samari na jan hannun riga, wannan na nuna waya, wancan na tambayar ko sayarwa za mu yi. Shagon Masta yana can ciki, ɗan kiyos ne da bai fi mutum uku ba. Mutumin Aboabo ne ta Kumasi, a wurinsa na ɗan koyi riƙon sukudireba lokacin hutun makaranta.

"Masta, barka da aiki. Ga kawuna, ga kuma mara lafiya."

"Sannu da zuwa, Alhaji, bismillah ga kujera. Kai kuma me ka gani?"

Na faɗa masa: tocila ta nuna hoto, monita ta nuna hoto, murfi ba ya walƙiya, ba ja-ja. Bai ce komai ba. Ya jawo wani bututu da ya ciro daga fasasshen allo, ya zare wayar fitilarmu daga inbata ya soka nasa, ya kunna. Kawu ya miƙa hannu ya danna F1, yaran shagon suka kwashe da dariya. Bututun bai kama ba. Masta ya ɗora mita a bakin shigar inbata, wuta na isowa daidai. Ya matsa kan wani ɗan farin fis da bai kai ƙwayar shinkafa ba, mita ta yi shiru. Wani yaronsa ya ce a ɗaure shi da silin waya kawai. Masta ya juya bodin ya nuna masa gefen 'yar taransifoma inda ya yi baƙi, ya kai masa hanci ya ce ya shaƙa. "Fis ba ya mutuwa don ra'ayin kansa. Ka ɗaure shi yau, gobe abin da zai ƙone ya fi shi tsada."

Aka jawo kwali daga ƙarƙashin tebur, cike da inbatoci ɗaure da roba, duk ƙura. Nan aka daɗe. Wani tsawonsa ya yi, bakin jonawarsa bai yi ba. Wani bakin ya yi, ramin sukuru ya goce. Masta yana tonawa yana mita, wai da can yaro zai aika wurin 'yan gwangwan na Agbogbloshie ya dawo da irin wannan kafin shayi ya huce, amma tun da aka rushe wurin masu kayan suka watse, kowa da inda ya nufa, su kuma masu kawo kaya daga Tema sun daina ɗauko masu bututu. Can ƙasan kwalin aka samu mai lamba iri ɗaya da namu. Ya jona, ya kunna. Allon ya yi ɗan jim, sannan haske ya taso daga ƙasa ya cika shi, saƙon F1 ɗin nan ya fito sarai, fari a kan baƙi. Kawu ya karanta shi yau a karon farko, da taimakona.

Hasken ya ɗan yi rawaya, bututun ya tsufa. Masta ya ce zai ƙara tafiya, in ya ƙare akwai zirin LED da ake sakawa a madadinsa, amma kada in kuskura in ɓalle tsohon da hannu a ɗaki, akwai zaiba a ciki. Ya buɗe ƙasan ya canza batirin agogon, CR2032 ne a naɗe cikin roba da 'yan wayoyi biyu, ya auna sabon ya ga volt 3 kafin ya soka. Ya hure fankar, ƙurar da ta fito har da ɓawon albasa. Ya ce wa Kawu gaskiya lokacin sabuwa ya yi. Kawu ya ce da tsohuwar zuma ake magani. Ni dai a nan ina bayan Kawu. Microsoft ta daina kula da Windows 7 tun Janairun 2020, don haka ba zan bar shi ya shiga intanet da ita ba, amma injin da aikinsa tara buhu da ragewa, me sabuwa za ta fi shi?

Da aka zo biya Masta ya ce sidi 100, har da batiri.

"Miliyan ɗaya!" in ji Kawu, ya dafe ƙirji.

Tun Yulin 2007 aka yanke sifili huɗu daga kuɗin ƙasar nan, amma Kawu da tsararrakinsa har yau da tsohon lissafi suke jin zafin kuɗi. Aka yi ta ja, Masta ya rage kaɗan saboda ni, Kawu ya tura ta momo, kuɗin waya, yana ƙunƙuni, ya kuma yi alkawarin aiko masa da albasa.

Mun yi la'asar a babban masallacin Kanda, muka ƙarasa gida a ƙafa. Inna ta ajiye mana tuwo da miyar ayoyo, Kawu ya ce a dakata. Ya jona caja, ya kunna, yatsansa ya tafi F1 ya tarar ta riga ta wuce. Ya buɗe Excel, ya gangara da kibiya layi-layi har watan Sha'aban, ya sa farce a kan allon, ya ciro waya.

"Salamu alaikum, Alhaji. Ya kasuwa? To madalla. Dama kira na yi in gaya maka kwamfutar ta tashi. E, ta tashi sarai. Buhu 14 ne."